Shayi ya zube a kibod ɗin laftof ɗina, in canza shi ne ko in lallaɓa da na USB?

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta, abin nan yau kwana huɗu kenan ya hana ni sukuni. Ina da laftof HP EliteBook 840 G3, tokumbo na saya shekara uku da suka wuce, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa ba ni matsala ba in ban da batir da ya ɗan yi sanyi. Ni malamin makaranta ne, da ita nake buga tambayoyin jarabawa na boko da na Islamiyyar unguwarmu, da daddare kuma nakan karɓi ɗan aikin taifin na mutane, abin da ake samu a nan shi ke cike min cefane in wata ya yi nisa.

To ranar Juma'a bayan isha'i ina zaune a kan tabarma ina buga tambayoyi, kofin shayi na gefena mai madara da sukari, sai 'yata ƙarama ta taho da gudu za ta hau cinyata hannunta ya bugi kofin. Ba wani da yawa ya zuba ba, bai kai rabin kofi ba, amma duk a ɓangaren hagu ya sauka. Na yi maza na goge da bakin rigata, na ga komai yana aiki sai na ci gaba da aikina har wajen sha ɗaya na dare, yanzu ne nake gane ashe nan na yi kuskure. Da safe ina kunnawa sai na tarar haruffan a da s da z da kuma Shift na hagu duk sun mutu, ko danna su zan yi da ƙarfina ba sa fitowa, sannan q wani lokaci shi kaɗai zai kama rubuta kansa layi guda cur ba tare da na taɓa shi ba. Ko fasuwod na kasa sawa sai da na buɗe kibod ɗin nan na kan sikirin ina danna haruffa ɗaya bayan ɗaya da mawus. Kuma kun san Hausa ba ta rubutuwa in babu a, layi ɗaya ba zan iya kammalawa ba.

Jiya na shiga cikin gari na nuna wa masu gyara biyu. Na farko ko buɗe ta bai yi ba ya ce sai an canza kibod gaba ɗaya, na biyu ya ce in bar masa zai wanke min da sifirit ya dawo daidai a kuɗi kaɗan. Na rasa wa zan bi, kuɗin hannuna ba su da yawa ba na so in biya sau biyu, jarabawa kuma saura mako biyu. Shin wankin yana yi da gaske? In canzawa ce ta yaya zan gane mai kyau da jabu? Ko kuwa in sayi na USB kawai in jona in huta? Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka min don Allah.

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da wannan jarabawa tun kafin jarabawar ɗalibai ta zo, Allah ya mayar da alheri. Don Allah kar a yi wa yarinya faɗa, kewar babanta ce ta kawo ta.

Ni ba injiniya ba ce amma shagon taifin da fotokwafi gare ni a Tudun Wada ba nisa da Poly, shekara da shekaru kibod nawa suka mutu a hannuna ban san adadi ba. Abin da zan ce maka shi ne ka raba matsalar gida biyu, akwai ta jarabawa akwai ta kwamfuta. Ta jarabawa yau ɗin nan za ka iya kashe ta, ka je ka sayi kibod na USB mai waya, kana jonawa Windows za ta gane shi ba sai ka sa komai ba, ka gama aikin makaranta hankalinka kwance sannan ka waiwayi gyara ba tare da wani ya matsa maka da tsada don ya ga kana sauri ba. Masu gyara in suka ga mutum a ƙage farashi daban yake. Kuma mai waya na ce, ba wayales ba, don shi wayales ga sayen batir ga ɗan ƙaramin abin nan da ake cusawa a USB, a gidan da ke da yara ranar da ya faɗi ƙasa shikenan sai dai labari, kibod ya zama kwalliya.

Ni a shago duk laftof ɗin da muke aiki da su ma da na waje muke bugawa ko da nasu lafiya lau yake, saboda lokacin rijistar JAMB da lokacin furojet yara na wuni suna dukan haruffa, gara su cinye na waje mai araha da su cinye na jiki. Sai mu ɗora laftof ɗin a kan rim ɗin takarda biyu sikirin ya zo daidai ido, wuya ma ya huta. Sai dai in gaya maka gaskiya ba abin yawo ba ne, in kana ɗaukar kwamfutar zuwa makaranta kullum a kan babur zai dame ka. Doka ɗaya da na kafa tun ranar da zoɓo ya kashe min wata Dell sabuwa fil, ko fiya wata ba a ɗorawa a teburin aiki, kowa ya sha a bakin ƙofa, har ni.

Mai Gyara Kawo:

Malam sannu. Wannan sana'ata ce don haka bari in ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da yawan surutu.

Maganar Hajiya ta sayen na USB daidai ce amma akwai gyara ɗaya, tunda ka ce q yana rubuta kansa to ko ka jona na waje ba zai daina ba, don na jikin yana nan a haɗe yana aika saƙo, kana cikin rubutu zai riƙa tsoma maka baki. Sai an buɗe an zare fileks ɗinsa, wato siririyar wayar nan mai faɗi da ke haɗa shi da ciki, daga bod, babban allon da kayan cikin kwamfutar suke a kai. A wannan samfurin naka ba matsala don botin kunnawa daban yake ba a jikin kibod ba, ko an zare za ta tashi. Akwai sababbin laftof da botin kunnawa yana cikin jerin kibod, su in ka zare ka kashe kanka.

Batun wanki kuma, ka fahimci yadda abin yake a ciki sai ka yanke hukunci da kanka. Ƙarƙashin botina akwai 'yar roba kamar ƙaramar hula, ƙarƙashinta kuma ledoji ne sirara guda uku a manne da juna, ta sama da ta ƙasa suna da layukan wuta da aka zana kamar zaren azurfa, ta tsakiya mai huji-huji ce tana raba su. In ka danna harafi sai robar ta tura ta sama ta taɓa ta ƙasa ta cikin hujin, shi ne kwamfuta take sanin me ka danna. Kuma ba kowane harafi ke da layinsa shi kaɗai ba, haruffa da yawa layi ɗaya suke rabawa, shi ya sa ka ga sun mutu a tare kamar sun yi shawara. To shayi in ya shiga tsakanin ledojin nan ruwan zai bushe amma sukari da madara ba inda za su, suna nan suna jawo danshi suna cin layin a hankali, ga wuta kuma tana bi ta kai tunda ka ci gaba da aiki awa biyu ko uku, wannan shi ke saurin cinye shi. Sifirit ba ya shiga tsakanin ledojin da kyau, in ma ya shiga ba ya mayar da layin da ya riga ya yanke. Wanki yana yi ne in botin danƙo kawai yake, wato yana rubutu amma yana maƙalewa ko yana nauyi. Wanda ya mutu murus kwana huɗu, ni dai a aikina da wuya na ga ya dawo ya zauna, zai yi maka sati ɗaya ya sake tafiya ranar da ka fi buƙatarsa. Don haka na farkon ya fi kusa da gaskiya, sai dai ban ji daɗin da bai buɗe ba.

Don abin da ya fi damuna ba kibod ɗin ba ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Irin wannan EliteBook ɗin an yi musu 'yar kariya ta zubewar ruwa kuma sau da yawa tana taimakawa, amma kariya ba garanti ba ce. Dole a kwance murfin ƙasa, a fara cire batir, a ɗaga kibod a duba bod da fitila ko akwai wani wuri da ya yi fari-fari ko kore-kore kamar gansakuka, musamman bakin soket ɗin fileks. In akwai a goge da burushi mai laushi da sifirit ɗin gyara tun bai yi nisa ba. Kibod kuɗinsa kaɗan ne a kan bod. Mutane da yawa sai su canza kibod su tafi suna murna, bayan wata biyu kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya a ce aljanu ne, alhali shayin nan ne yake aikinsa a ɓoye. Kuma don Allah masu karantawa a daina tura laftof cikin buhun shinkafa, ba abin da take yi sai ƙara ƙura, haka busawa da na'urar busar gashi mai zafi tana narkar da botina. Abin yi in ruwa ya zuba shi ne a kashe nan take ta danne botin kunnawa, a zare caja, a buɗe ta a kife ta a kan tawul, kar a sake kunnawa sai an duba.

Inda ka yi sa'a shi ne samfurin. 840 G3 ta wajen 2016 ce, lokacin ana yin kibod ɗinsu a matsayin abu mai zaman kansa, sukurori biyu ne ke riƙe da shi ta ciki sai 'yan maƙalai a gefe, aikin da bai wuce rabin awa ba ga wanda ya saba. Da irin HP 250 na baya-bayan nan ce ko yawancin siraran da ake yi yanzu, kibod ɗin a like yake da murfin sama da ƙusoshin roba da aka narkar, sai an kwashe duk kayan ciki har bod kafin a kai gare shi, sannan ko dai a sayi murfin gaba ɗaya ko a bi ƙusoshin ɗaya-ɗaya da ayan, wato ƙarfe mai zafi na masu gyara, ana narkarwa ana mayarwa. Masu sayen tokumbo su riƙa tambayar wannan kafin su biya.

Wajen saye kar ka tsaya a sunan kwamfuta kawai. In an ciro tsohon ka juya bayansa akwai sitika mai lamba, da ita za a nemo. A HP lambobi ukun ƙarshe su ke nuna na wace ƙasa ne, 001 na Amurka, 031 na Ingila, 041 na Jamus, 051 na Faransa. Na G3 da na G4 suna shiga wa juna. Ka duba ko naka mai fitila ne a ƙarƙashin haruffa, sannan da ɗan ƙullutun nan na tsakiya da ake jan mawus da shi, don kowanne da ƙaramin fileks ɗinsa, in ka sayi marar su zai yi rubutu amma ka yi asarar abin da kake da shi a da. A kasuwa kala uku za ka samu, akwai sabo orijina wanda ba kasafai ake samu ba a tsohon samfuri, akwai na ciro wato wanda aka cire daga wata kwamfutar da bod ɗinta ya mutu, sai kwafi sabo a leda. Ni na fi son na ciro in haruffansa ba su goge ba kuma bai sha ruwa ba, don ƙarfen bayansa ya fi kauri dannawarsa ta fi daɗi. Kwafi ma akwai mai kyau, yadda za ka gane marar kyau shi ne ka riƙe shi ta gefe biyu ka ɗan lanƙwasa, in ya yi laƙwas kamar murfin gwangwani kuma botina suna kaɗawa suna ƙara to ka ajiye. In babu a nan Kaduna yawanci daga Kano ko Computer Village ta Ikeja ake aikowa, kwana biyu zuwa uku ne a mota.

Kuma kar ka biya sai an ɗaura ka buɗe Notepad a gaban mai shago ka danna kowane botin da hannunka, har lambobi da kibiyoyi da Shift biyu da Alt biyu da Fn da na ƙara sauti da haske. Space ka gwada shi ta gefen dama da hagu ba tsakiya kaɗai ba. A rubuta maka a rasit kwana nawa za ka iya dawowa da shi, sannan ka karɓi tsohon ka tafi da shi gida, botinansa da 'yan ƙugiyoyin ƙasansu za su yi maka amfani wata rana.

Ɗan Rigasa:

Kai Injiniya Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi, wallahi ko a aji ban taɓa samun bayani ya shige ni haka ba. Hajiya ke ma na gode ƙwarai, yarinya kam ban ce mata komai ba, laifina ne da na ajiye kofi a ƙasa. Na aro na USB wajen maƙwabcina kuma yadda Injiniya ya faɗa haka ya faru, ina rubutu q yana kutsowa, sai na goge na ci gaba. Ga kuma ramin USB babba guda biyu ne kacal a jikinta, kibod ya ɗauki ɗaya mawus ya ɗauki ɗaya, in zan sa filash ko firinta sai na zare wani. Gobe in sha Allahu zan kai a buɗe a duba bod ɗin.

Sai ƙarin tambaya, nawa Enter ɗinsa dogo ne mai lanƙwasa kuma akwai alamar fam a kan 3, amma wanda mai shagon farko ya nuna min Enter ɗinsa a kwance yake siriri. Ya ce duk ɗaya ne. Haka ne? Don ni ina buga Hausa da Larabci ba Turanci kaɗai ba.

Tsohon Akawu:

Ɗana, ba ɗaya ba ne, ko da yake duka za su yi aiki. Naka na Ingila ne, wanda aka nuna maka na Amurka ne. Ni na yi aikin buga takardu a ofis a nan Kaduna tun zamanin tafireta da sitensil har na yi ritaya a kan kwamfuta, don haka wannan fannin bari in sa baki.

Jerin haruffan iri ɗaya ne, wannan tsarin na QWERTY da aka gada daga tafiretocin Remington na wajen 1874, bambancin yana wajen alamomi. A na Amurka alamar @ tana kan 2, a na Ingila kuwa alamar zance ce a kan 2 ita @ tana can kusa da Enter. Na Ingila yana da ƙarin botin ɗaya kusa da Shift na hagu shi ya sa Shift ɗin gajere ne. Abin da mutane ba su gane ba shi ne kwamfuta ba ta ganin fentin da ke kan botin, abin da aka saita mata a Windows shi take bi. In ka ɗaura na Amurka ka bar setin a na Ingila sai ka danna abin da idonka ya gani wani abu daban ya fito, na sha ganin wanda fasuwod ɗinsa ya ƙi shiga saboda wannan kawai har ya yi zaton an yi masa kutse. Gyaransa ka ƙara tsarin da ya dace a wajen harshe, kana danna botin Windows da Space tare yana juyawa daga wannan zuwa wancan. Amma shekara uku hannunka ya saba da dogon Enter, ɗan yatsanka zai yi ta faɗawa kan wani botin na tsawon makonni, ga jarabawa a gaba, in da hali ka nemi irin naka. Wanda zan ce ka guje masa shi ne na Faransa da kan shigo ta Kwatano ko Nijar, shi A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ya koma wani gefe.

Tunda kana buga Larabci ka tambaya ko akwai mai haruffan Larabci a jiki, ana yin su don kasuwar Saudiyya, Injiniya zai fi ni sanin lambarsu. In babu akwai sitika da ake liƙawa, sai dai a mai fitila tana tare hasken.

Sai Hausa, wadda ita ce ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba. A zamaninmu tafiretar ofis ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, sai mun gama bugawa mu bi da biro muna yi wa kowanne ƙugiya da hannu, shafi guda sai ya ci maka minti goma, kuma muna yi don ba ma yarda takarda ta fita a karanta kafa a inda ake nufin ƙafa ko baki a inda ake nufin baƙi. Yanzu an sauƙaƙa amma sai ka ga takardar jarabawar Hausa ta yara babu ƙugiya ko ɗaya, abin yana ci min rai, yaro da me zai koya? Windows tana da tsarin kibod na Hausa a cikinta, in ka ƙara shi sai ka danne Alt na dama ka danna k ko d ko b ko y su fito da ƙugiyarsu. A na Ingila an rubuta Alt Gr a jikin botin, a na Amurka Alt kawai aka rubuta amma aikin ɗaya ne. Don haka wajen gwaji ka tabbata Alt na dama yana aiki, masu shago ba sa gwada shi don su ba su san amfaninsa ba. In kuma a Word kake ka maƙale, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X zai koma ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ, alamar naira kuma 20A6.

Ga hunturu na tafe, ka samu ƙyalle mai tsabta ka riƙa rufe ta in ka tashi, ƙurar Rigasa ba ta wasa ba ce.

Ɗalibin Injiniyanci:

Ni dai Yaya a ganina ba sai ka biya kuɗin aiki ba, ka sayi kibod ɗin kawai ka ɗaura da kanka, akwai bidiyon wannan samfurin da yawa a YouTube kuma HP da kansu suna da littafin gyaransa kyauta a shafinsu da hotuna mataki-mataki. Ni na canza na ThinkPad ɗina a hostel da ƙaramin sukundireba ɗaya da tsohon katin ATM kuma har yau lafiya. Sannan ga wasu da za su zo karanta wannan nasu ba ruwa ne ya zuba ba, kafin ku kashe kuɗi ku duba setin tukuna, in aka danne Shift na dama sakan 8 wani abu da ake kira Filter Keys yana kunnuwa kibod ya zama kamar ya mutu sai ka danne harafi ka jira, haka a wasu ƙananan laftof in Num Lock ya kunnu sai j k l su riƙa ba da 1 2 3. Abokina saura kaɗan ya sayi sabo a kan wannan. Kuma in kibod ko tachfad ya kumburo sama to batir ne ya kumbura a ƙasa, shi za a cire da gaggawa.

Mai Gyara Kawo:

Ƙanina duk abin da ka faɗa na setin gaskiya ne, da na batir ma, Allah ya yi albarka. Kuma ba na hana mutum gyara kayansa, ni ma da ɓarna na koya. Amma a wannan karon ban ba Malam shawarar ya yi shi kaɗai ba saboda dalili biyu. Na ɗaya bai san yadda cin ruwa yake a bod ba, zai iya kallonsa bai gane ba. Na biyu soket ɗin fileks yana da ɗan murfi siriri kamar farce wanda ake ɗagawa sama kafin a zare, wanda bai sani ba sai ya fizgi fileks ɗin ko ya ɗaga murfin ta baya ya karye, in ya karye kuwa an bar maganar kibod an koma aikin bod, garin neman gira a rasa ido. Duk wata sai an kawo min irin wannan. Ga fileks ɗin gajeru ne, in ka ɗaga kibod da ƙarfi kamar murfin tukunya sai ka tsinke su. Wanda yake da kwamfuta biyu ya gwada, wanda guda ɗaya gare shi kuma da ita yake ci da iyali ya zauna kusa da mai gyara ya kalla, karo na gaba sai ya yi da kansa. Baba kuma mai Larabcin da ka ambata lambarsa tana ƙarewa da 171, yana wuyar samu amma akan dace.

Ɗan Rigasa:

Jama'a na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Na kai ta wajen wani mai gyara da abokin aikina ya haɗa ni da shi, na ce masa a gabana nake so a buɗe kuma bai ƙi ba, har kujera ya ba ni. Da ya ɗaga kibod ɗin wallahi sai da gabana ya faɗi, bayansa duk shayi ya bushe ya yi ja kamar an shafa zuma har tururuwa biyu muka gani a ciki, kuma a bakin soket ɗin akwai ɗan fari-farin nan da Injiniya ya kwatanta, kaɗan ne bai kai ƙwayar gero ba. Ya goge da burushi da sifirit ya bar shi ya sha iska, ya duba da gilashin ƙara girma ya ce bai ci ƙafafun soket ɗin ba. Da na bi ta wanki kawai ko na tsaya a na USB da ban san da shi ba.

Lambar bayan tsohon da 031 ta ƙare kamar yadda aka ce. A shagonsa na Amurka kawai yake da shi sabo, amma ya kira wani ya samo min na ciro irin nawa mai fitila, harafin e ne kawai ya ɗan yi sheƙi. Na zauna na danna kowane botin a Notepad har mai shagon yana cewa Malam kai kam ba ka da sauri, na ce masa haka aka koya min. Alt na dama ma na gwada, Baba na sa tsarin Hausar kuma ga ƙ ga ɗ ga ɓ suna fitowa, shekara uku ina kwafo su ɗaya-ɗaya daga wata tsohuwar takarda ina mannawa ban san suna nan a ƙarƙashin yatsana ba. Tambayoyin Hausa na aji huɗu da na riga na buga zan koma in gyara su daren nan. Ya rubuta min mako biyu a rasit, tsohon kuma yana cikin jakata.

Mai Larabcin bai samu ba, ya ce zai sa ido. Kafin nan Hajiya ko kin san inda ake sayar da sitikar Larabci mai kyau wadda ba ta ɓarewa, a Kasuwar Barci ko babbar kasuwa? Wadda na taɓa saya wata biyu ta yi ta fara naɗewa ta gefe.

Uwar Biyu:

Alhamdu lillahi Malam, na ji daɗi wallahi. Sitika ka duba wajen masu kayan kwamfuta na cikin gari ta wajen Ahmadu Bello Way, ka ce mai garai-garai kake so wadda harafin Turancin zai riƙa fitowa ta ƙasanta, kuma kafin ka liƙa ka goge kan botinan da ɗan sifirit a auduga su bushe, maiƙon hannu ne ke sa ta naɗewa. A gaida mutuniyar, a saya mata kofinta na roba mai murfi.